Ranar da Na Auna Tumbin Taubashina

Ni ba da ƙiba na zo Tamanrasset ba. Da na baro Damagaram saurayi ne ni, dogo, ba nama a jiki, kuma aikin da na fara samu shi ne na shantiye, ɗaukar siminti da bulo daga ƙasa zuwa saman bene. Shekarun da na yi a wannan aiki sun buɗe mini kafaɗu, suka bar mini wuya kamar na bajimi. Daga baya Allah ya buɗa, na kama shago a kasuwa ina sayar da barguna da katifu, na yi aure, na zauna. Zaman nan shi ya jawo sauran. Wanda ya saba cin burodi biyu da kwanon waken lubiya don ya hau tsani da buhu a kafaɗa, in ya bar tsanin bai bar burodin ba, an san inda abin zai taru. Ga shayi mai sukari tun hantsi har la'asar. Ban ankara ba sai na ji ina haki in na sunkuya ɗaukar bargo.

Taubashina ɗan kawuna ne, ƙanen mahaifiyata ya haife shi. Sa'o'in juna ne mu, tare muka yi wasan ƙasa. Da ya biyo ni Aljeriya ni na tarbe shi a tasha, a ɗakina ya zauna har ya tsaya da ƙafafunsa, kuma ni na nemo masa rumfar da ke kallon shagona, inda yake sayar da salula da tarkacenta. Gajere ne, mai siraran hannuwa, kullum cikin babbar riga da rawani irin na Buzaye, wanda yake naɗawa har ya rufe wuya da haɓa. Bakinsa kuwa reza. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, tun muna yara "bawana" yake kirana, ban taɓa jin zafi ba. Al'ada ce, ni ma ina da abin da nake jifansa da shi. Da na fara ƙiba sai ya samu sabuwar gona. In na shigo fada, inda 'yan garinmu ke taruwa shan shayi bayan la'asar, sai ya ce a ƙaro tabarma. In muka tsai da taksi sai ya leƙa ya tambayi direba ko tayoyinsa sababbi ne. Ana dariya, ina yi tare da kowa.

Sai matar wani ɗan garinmu ta haihu, aka yi suna. Na sa sabuwar farar shadda. An jera kujerun roba a ƙofar gida, mutane sun cika. Ina isowa taubashina ya taso da fara'a, salula a hannu, ban kula ba don kullum tana hannunsa. Ya jawo wata kujera ya ajiye a tsakiyar fili.

"Bawana, zo ga wurin manya," in ji shi.

Wani ya miƙo mini kwanon shinkafa da miya, na zauna. Ƙafafun kujerar na baya suka baje, na tafi da baya, ƙafafuna a sama, miya ta bi ƙirjina har cikin aljihu. Hulata ta gangara ƙarƙashin wata mota. Sai da mutum biyu suka kama ni na tashi.

An yi dariya, ni ma na yi. Ba a kaina aka fara faɗuwa ba. Da abin ya tsaya nan, da na wanke shaddata na manta. Amma washegari na buɗe salula na tarar da bidiyon faɗuwata a zauren hira na 'yan garinmu, inda na gida da na Libiya da mu na nan duk muke haɗe. Na kalla, na sake kallo, sannan na lura da wani abu. Bidiyon bai fara daga faɗuwata ba. Ya fara tun kafin in iso. An nuna ƙafar kujerar kusa-kusa, an nuna tsagar da ke jikinta, ana jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Ku tsaya ku ga ikon Allah."

'Yata ta fari tana Damagaram wajen kakarta, tana lekkol, wato makarantar boko. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni.

"Baba, ni ba zan koma lekkol ba."

"Me aka yi miki?"

Ta ce, "In na shiga aji sai su rirriƙe benci, wai kar in karya kamar babana."

Kuka ya ci ƙarfinta, mahaifiyata ta karɓi salular. Ta tambaye ni ko na ji ciwo, na ce a'a. Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Ni ma har a gidan gaisuwar mutuwa wata ta nuna mini." Wannan ya fi mini zafi da a ce ta yi faɗa.

Na tsallaka titi na sami taubashina a rumfarsa yana goge gilashin wata salula.

"Ɗan kawu, ka san kujerar nan a tsage take."

"Na sani mana. Ko mai lafiya ce ai ba za ta kai labari ba."

"Abin ya kai ga yarinya. An hana ta sakat a lekkol."

Bai ko ɗago kai ba. "To ka ce mata ta roƙi babanta ya rage tuwo."

Da la'asar na kai maganar gun dattijon fadarmu, mutumin da ya riga mu duka zuwa garin, wanda shi ke sulhu in an saɓa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya dafa gwiwata ya ce, "Haba, wasan taubashi ne. Wanda ya yi fushi da taubashinsa ai shi ya ƙara zama abin dariya."

A nan na gane inda nake. Ƙofar ƙara a rufe take, ta faɗa ma haka. Da wasa ya cuce ni, kuma da wasa kaɗai zan iya ramawa. Na shanye shayina, na yi murmushi, na ce wa dattijo gaskiyarsa ne. A raina kuwa na yi alkawarin da ban gaya wa kowa ba.

Maƙwabcin shagona wani dattijon Balarabe ne mai sayar da takalma, tsohon soja daga can arewa. Duk kasuwa Ammi muke ce masa, wato baffa. Wata rana taubashina ya ɗaga murya daga rumfarsa yana cewa in zo mu je farmasi, kantin magani, mu hau sikeli, in ya yi nauyin cinyata ɗaya ya yarda a aske masa gemu. Da hayaniyar ta lafa, Ammi ya jawo kujerarsa kusa da ni.

"Sikeli wawa ne, ɗana," ya ce. "Bai san ƙashi ba, bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Duk abin da aka ɗora masa ɗaya ne a wurinsa. Mu a bariki da mitir ake auna mu."

Na ce mitir kuma, irin na tela?

Ya ce shi fa. Abu uku ake nema ga namiji: tsayinsa, kaurin wuyansa daidai ƙasan maƙogwaro, da kaurin cikinsa daidai cibiya. Mace kuma sai an ƙara da ƙugu. Ya buɗe salularsa ya nuna mini wani shafi inda ake zuba lambobin, shi kuma ya fitar da kashi nawa cikin ɗari na jikin mutum kitse ne. Ya ce da safe ake yi kafin a karya, mutum ya tsaya sak, kar ya tsuke ciki, kar a matse mitir, kar kuma a sake shi ya yi lilo. A maimaita, in lambobin sun bambanta a ɗauki tsakiya.

"Amma ƙiyasi ne," in ji shi. "Ba aikin likita ba ne. Yakan zarce, yakan gaza. Amfaninsa shi ne ka riƙa gwada kanka da kanka, ka ga ko kana gaba ko kana baya."

Maiɗakina tela ce, tana da keke a gida, mitir ɗinta kullum a rataye a wuyanta. Washegari bayan na dawo daga sallar asuba na gaya mata abin da nake so. Ta tsai da ni jikin bango ba takalmi, ta hau kujerar tsugunno ta yi alama da allin ɗinki a saman kaina, ta auna. Ta zagaya mitir a wuyana, arba'in da huɗu. Da ta zo ciki, ban san lokacin da na ja numfashi na riƙe ba.

"Maigida, saki," ta ce. "Ni za ka ɓoye wa? Ni nake buɗa maka wanduna."

Na saki. Ɗari da goma sha takwas. Muka maimaita, bai sauya ba. Na zuba a shafin, ya ba ni kusan talatin da huɗu cikin ɗari. Ta leƙo ta kafaɗata ta ce, wato in an raba ni uku, kashi ɗaya na masu suya ne. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Ranar a shago ban yi wani ciniki na kirki ba, ina ta wasa da shafin. In rage ciki, lamba ta sauka, wannan kowa ya sani. Sai na bar cikin yadda yake na rage wuya, na ga lamba ta hau. Na rage tsayi, ta ƙara hawa. Ashe ba girman tumbi kaɗai ake dubawa ba, tazarar da ke tsakanin tumbi da wuya ce ke magana. Mai kaurin wuya irina lissafin yana yi masa sassauci. Mai siririn wuya kuwa, in yana da ɗan tumbi, ba ruwan lissafin da tausayi. Na ɗaga kai na dubi rumfar da ke gabana, na ga rawani da babbar riga, na tuna rabona da ganin abin da ke ƙarƙashinsu tun muna kwana ɗaki ɗaya.

Ranar Juma'a na bi shi masallaci, na tsaya bayansa a wurin alwala. Ya sassauta rawani don shafar kai, ya tattare riga ya soke ta tsakanin cinyoyi. Na ga wuya kamar na zakaran da aka fige. Na ga kuma inda rigar ta ɗame a gaba, wani tumbi zagayayye, kamar an ɗora tulu a kan sanduna biyu. Shekara da shekaru yana zaune shi ma, yana shan shayin da nake sha, yana cin zalabiyar da nake ci, sai dai nasa duk wuri ɗaya ya taru, riga ta rufa masa asiri. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Allah ya gafarta mini, ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba ranar.

Na zuba lambobinsa da ka, na ga har yanzu ina gabansa. Saboda haka aiki biyu ne a gabana, in sauko ƙasa da shi, kuma kar ya sani.

Na daina shiga taksi. Daga unguwarmu zuwa kasuwa da ƙafa, dawowa da ƙafa. Da sassafe kuma in gangara cikin kori, busasshen rafin da ya ratsa gari, in bi yashi ina fuskantar duwatsu har rana ta fito sosai. Lokacin sanyi ne, sanyin Tamanrasset mai shiga ƙashi, yatsuna kan ƙage a cikin aljihu. Da farko gwiwoyina suka yi ta ƙara, cinyoyina suka saɓule. Na koma burodi rabi. A fada na ce haƙori ke damuna, a zuba mini shayi kafin a sa sukari, na riƙa haɗiyar ɗacin nan ina murmushi. Duk lokacin da yunwa ta taso mini, ko raina ya ce yau dai a huta, sai in buɗe bidiyon in saurari muryar nan tana cewa a tsaya a ga ikon Allah. Ba maganin da ya kai shi kashe kwaɗayi.

Maiɗakina ta tambaye ni wata safiya tana naɗe mitir, "Maigida, wannan wahala don lafiya ce ko don ɗan kawu?"

"Don ɗan kawu."

"To, ko don wa ne, Allah ya sa albarka. Ni dai na daina jin minshari."

Kowace Juma'a da safe take auna ni. Wani makon mitir ya matsa kaɗan, wani makon ya tsaya cik kamar an kafe shi, in wuni ina jin haushin kowa. Akwai makon da aka yi bikin wani maƙwabci na sake jiki, ya koma baya. Azumi ya zo, kasuwa ta cika da ƙamshin kayan zaƙi, su zalabiya da makrud, ina wucewa ina kau da kai. Sannu a hankali wanduna suka fara zamewa. Maiɗakina ta ce in kawo riguna ta rage, na hana. Na ci gaba da sa manyan nan na da, har ina ƙara wata a ciki. Na bar gemu ya cika don ya rufe kumatun da suka faɗa. In zan tashi daga tabarma a fada sai in dafa ƙasa in yi nishi kamar da, taubashina kuma ya ce a kawo kurar ɗaga kaya.

Bayan Ƙaramar Sallah na fara zuwa fada da mitir a aljihu. Na ce wani abu ne Ammi ya koya mini, wa ke so a gwada shi? 'Yan shantiye suka fara, lambobinsu suka fito ƙanana, suna ta buga ƙirji. 'Yan kasuwa suka biyo baya, nasu suka fito manya, aka yi ta tsiya. Nan da nan abin ya zama wasan fada. Ban taɓa bayyana wa kowa aikin da wuya ke yi a lissafin ba, kowa idonsa na kan ciki. Ban kuma taɓa cewa taubashina ya zo a auna shi ba. Yana gefe yana ba kowa suna.

"Bawana ya koma tela," ya ce wata rana. "Amma mai awo bai auna kansa ba. Ko mitir ɗin ne ba ya kaiwa?"

Na sunkuyar da kai, na ce ai ni an riga an san nawa, na kawo wata magana. Washegari ya sake, na sake zillewa. Da ya ga ina gudu sai ya ƙara matsawa, har ya zama ba ya iya shan shayi sai ya ambata. Na bar shi yana ta haɗiyar ƙugiya.

Bayan Babbar Sallah fadarmu takan fita shan iska. A wannan shekara Abalessa muka tafi, can wajen gari, garkar wani Buzu abokin cinikin dattijonmu. Na roƙi Ammi ya zo tare da mu, ya ɗauki wasu a motarsa, sauran suka bi taksi. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dabinai, ruwa na gudu a 'yar magudana ta gefenmu, mai garka ya binne tagilla, burodin Buzaye, a cikin yashi da garwashi, aka ɗora nama a wuta. Mutane sun fi na kullum yawa, har da waɗanda ba sa zuwa fada. Na san taubashina ba zai bari irin wannan taro ya wuce shi ba.

Tun nama bai nuna ba ya miƙe tsaye.

"Jama'a, yau bawana ba shi da wurin gudu. Kafin ya cinye mana ragon nan, a auna shi."

Na ce a bar maganar, ranar farin ciki ce. Aka yi caa, kowa na cewa a auna. Na yi jim kamar wanda aka ci ƙarfinsa.

"To, na yarda," na ce. "Amma ba ni kaɗai ba. In za a auna bawa, a auna ubangijinsa."

Ya kwashe da dariya. "Ni? Bismilla. Kuma a ɗauka a salula. Wanda lambarsa ta fi, da hannunsa zai tura wa 'yan gida."

"Baba, ka ji abin da ya ce," na ce wa dattijon fadarmu.

"Na ji, kowa ya ji."

Shi da kansa ya miƙa wa wani salularsa, ya nuna masa inda zai tsaya don haske. Na ba Ammi mitir, na ce shi ba ɗan garinmu ba ne, ba ya bayan kowa.

Na tuɓe babbar riga. Na tuɓe ta cikin. Na tsaya daga ni sai singileti da wando, wanda na ɗaure da igiya don kar ya faɗi. Kowa ya zuba mini ido. Wani ya ce, "Kai, ina sauran mutumin?" Na saci kallon taubashina, na ga dariyarsa ta rage, amma ba ta tafi ba. Ammi ya tsai da ni jikin bangon ɗakin mai garka, ya auna tsayi, ɗari da saba'in da takwas. Wuya arba'in da uku. Ciki ɗari da biyu. Ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, ya ce ba zai lissafa ba sai an auna na biyu.

Taubashina ya cire babbar riga, tulun ya bayyana. Aka fara ƙus-ƙus, wasu na toshe baki. Ya ja ciki ya riƙe har idanunsa suka firfito. Ammi ya zagaya mitir, bai karanta ba, ya tsaya yana tambayarsa a natse wace irin salula ce ta fi riƙe caji, don yana so ya saya wa jikarsa. Ya yi ƙoƙarin amsawa da ka. Ammi ya ce bai gane ba. Dole ya buɗe baki, numfashi ya fita, tumbi ya dawo mazauninsa.

"Ɗari da ɗaya," in ji Ammi.

Taubashina ya daka tsalle, ya zagaya ni yana rawa. "Ko da ɗaya ne na ci. Duk yunwar da ka sha a ɓoye, bawa bawa ne."

Na bar shi ya gama rawarsa. Ban taɓa jin daɗin jira irin na wannan lokaci ba.

"Saura wuya," Ammi ya ce. "Cire rawani."

Taubashina ya ce me ya haɗa wuya da kitse? Dattijo ya ce kowa an auna masa wuya, shi ma a auna. Ya warware rawanin a hankali, falle bayan falle, har wuyan ya fito fili, ga maƙogwaro yana hawa yana sauka. Talatin da biyar. Tsayi ɗari da sittin da takwas. Ammi ya sa tabarau, ya zuba nawa, ya ɗaga salula ya nuna wa jama'a, ashirin da biyar cikin ɗari. Ya zuba nasa. Kafin ya ɗaga, na juya na kalli wanda ke ɗaukar bidiyo, na ce, "Ku tsaya ku ga ikon Allah."

Talatin da ɗaya.

Dariyar da aka yi har mai garka ya baro wutarsa ya zo gani. Taubashina ya ce mitir ɗin matata ne, an yi masa wani abu. Mai garka ya kawo na matarsa, aka sake, haka ya fito. Ya ce salular Ammi ce, aka zuba a ta dattijo, haka ya fito. Ya tsaya a tsakiyar fili ba riga ba rawani, hannu ɗaya a wuya ɗaya a ciki, bai san wanda zai rufe ba. Duk wannan salularsa na ɗauka.

Da aka zo turawa ya fara kame-kame, wai ba rezo a garka, salula ba ta kamawa. Dattijo ya ce akwai, yanzu ya gama magana da iyalinsa. Ya ce to a yanke wurin rawanin. Dattijo ya ce ba a yi da haka ba. Taubashina ya juyo gare ni, ya rage murya.

"Ɗan'uwa, surukaina suna cikin zauren nan."

Rabon da ya kira ni ɗan'uwa har na manta. Na ce, "Haba ɗan kawu, wasan taubashi ne." Na tsaya a kansa har ya danna da yatsansa, na buɗe tawa salular na tabbatar ya shiga. Sannan na zauna na ci nama. Ranar ban auna komai ba, har kitsen na cinye, na sha shayi da sukari. Shi kuwa ya ce cikinsa ba daɗi, ya koma gindin wani dabino ya zauna shi kaɗai.

Kafin mu iso gari sunan ya riga mu. Talatin-da-ɗaya. Yau ko masu turo kaya a baro haka suke kiransa, akwai Larabawan da ba su san ma'anarsa ba suna faɗa, sun ɗauka sunan yanka ne. 'Yata ta kira ni tana dariya har ba na jin abin da take cewa. Kawuna ma ya kira, na ɗauka faɗa zai yi, sai ya ce shi dai tambaya ɗaya gare shi, a ina ɗansa ya samo wannan wuya, don a danginmu ba a yi irinsa ba.

Bayan kwana biyu Ammi ya same ni a shago. Ya ce, "Ka san wuyan nan naka na shantiye ya taimake ka. Da likita ne ya auna ku da na'ura, watakila tazarar ba ta kai haka ba."

"Na sani, Ammi."

"Kuma ba ka gaya masa ba."

"Shi ma ya san kujerar a tsage take."

Ya girgiza kai ya koma ga takalmansa.

Taubashina ya yi makonni ba ya zuwa fada, in mun haɗa ido a kasuwa sai ya kama goge salula. Maiɗakina ta tambaye ni ko na huce, na ce saura. Daga baya ya dawo, muna gaisawa, amma bai sake cewa a ƙaro tabarma ba. Sai wata Juma'a na buɗe shago na tarar da faranti a rufe a kan tebur, cike da kalbelluz yana ɗigar zuma, wai saƙo ne daga rumfar da ke gabana, kyautar ubangiji ga bawansa. Na ɗaga kai na gan shi yana kallona ta saman rawani. Juma'ar da ta biyo makrud ne, ta gaba zalabiya. Ya san abin da raina ke so, tare muka girma. So yake ya mai da ni inda na fito, cokali bayan cokali.

Ban mayar masa ba, ba a mai da kyauta. Nakan ɗauki farantin in ajiye a bakin shago, inda zai riƙa gani daga rumfarsa. Duk wanda ya shigo sayen bargo sai in ce ya ɗauki ɗaya. In ya tambayi daga ina wannan alheri, sai in nuna masa tsallaken titi da yatsa, in faɗi sunan da ƙarfi yadda zai ji, in kuma mai sayen ba ya sauri, in ba shi kujera in ba shi labarin tun daga farko.